Fangali Ɗaya Ya Isa: Yadda Matashi Zai Fara Lambun Kayan Miya

Kusan duk yaron da ya zo mini da maganar yana son ya fara lambu, tumatir ne a ransa. Ya ga kwanduna jere a Kwanar Gafan, ko ya ji yadda manoman Kadawa da Kura suke loda motoci zuwa Kudu, sai ya ƙudurta shi ma daga nan zai kama. Ni kuwa nakan ce masa ya ajiye tumatir tukuna, ya nemo ɗan ƙullin irin alayyahu, ya gyara wurin da bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Alayyahu ba ya ja maka rai. Kwana 4 ko 5 ka ga tsiro, mako 3 zuwa 4 ka kai wa Umma ganye ta yi miya. In ka yi kuskure, wata ɗaya ka rasa, ka sake. Tumatir kuwa sai ka shafe wata 3 kana ɗawainiya kafin ka san ko ka yi daidai, kuma yaron da ya fara da asara mai zafi irin wannan da wuya ya sake ɗaukar fartanya.

Da "ka" zan riƙa magana, amma ke ma ƙanwata da ke nake. Yawancin yakuwa da kuɓewar da na gani a bayan ɗakuna, hannun mata ne ya shuka su.

Ruwa tukuna, sannan wuri

Kafin ka sayi iri, kafin ka ari fartanya, zauna ka amsa wa kanka wannan: daga ina ruwa zai fito kullum, har ranar da ka gaji, har ranar da kake da jarrabawa? Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 yana shan kamar bokiti 1 na lita 10 a rana lokacin sanyi, da bazara kuma ko a ƙasa mai yashi ya kai bokiti 2. Wannan kaɗan ne a ido, amma in rijiyar tana da nisa, ko kuma a wurin ɗan garuwa kuke sayen ruwa, lissafi ne da za a yi shi tun farko. Shi ya sa nake cewa fangali ɗaya. Na sha ganin yara sun share fili babba da zumuɗi, mako biyu suna ɗibar ruwa da karsashi, a mako na uku kafaɗa ta gaji, komai ya bushe a tsaye.

Ruwan da aka yi alwala da shi, da wanda aka wanke shinkafa ko ganye, duk suna da amfani, sai a ajiye bokiti a riƙa tarawa. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada ya kusanci shukarka, yana ƙona saiwa yana kuma ɓata ƙasa sannu a hankali. Ruwan kwata ma haka. Na san akwai masu lambu a gefen birane da ke ban ruwa da shi saboda ba su da wani, amma kai da za ka ci latas ɗinka ɗanye, kai da ƙannenka, kada ka fara.

Sai wurin. Kayan lambu suna son rana ta same su aƙalla awa 6. Ka tsaya ka lura da inda kake so har yini guda: da hantsi ina inuwar katanga take, da la'asar ina ta koma? Gindin darbejiya ko mangwaro yana da daɗin zama, amma shuka ba ta yin kirki a nan, ga inuwa, ga saiwar bishiya tana shanye ruwan da ka zuba. Kuma ka zaɓi wurin da idonka zai riƙa kaiwa ba tare da ka yi shirin tafiya ba. Lambun da ke kan hanyarka ta zuwa masallaci ko makaranta ya fi na bayan gari samun kulawa.

Kada ka shuka ƙwaya ɗaya sai ka yi shinge. Akuya ɗaya tana cinye aikin wata guda kafin ka idar da sallar la'asar, kaji kuma su tone irin tun bai fito ba. Karan dawa, zana, ƙaya, tsohon gidan sauro, duk suna yi. Tsohon gidan sauro ya fi mini, domin yana tsare kaji da ƙadangaru gaba ɗaya, kuma ƙadangare ɓarnarsa a ƙananan tsiro ba kaɗan ba ce.

Kayan aiki ba su da yawa: fartanya, bokiti, da gwangwanin da ka huhhuda gindinsa da ƙusa don yayyafa ruwa. In akwai shebur da manjagara a gida, madalla. In babu, hannu da fartanya sun isa fangali ɗaya.

Ƙasa da abincinta

A nan nake son ka ɗan daɗe, domin rabin nasarar lambu a cikin ƙasa take tun kafin iri ya taɓa ta.

Ɗebi ƙasar wurin cikin tafin hannu, ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙule. In ta ƙi dunƙuluwa tana zubewa, jigawa ce, yashi ya yi yawa: ruwa zai riƙa wucewa da sauri, taki ma ya bi shi. In ta dunƙule tana danƙo har kana iya murza ta kamar igiya, laka ce: tana riƙe ruwa fiye da kima, in ta bushe kuma ta daskare ta tsattsage. Wadda ake so ita ce ta tsakiya, ta dunƙule amma da ka danna ta da yatsa ta farfashe. Abin daɗin shi ne, maganin jigawa da maganin laka ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. Yana sa yashi ya riƙe ruwa, yana sa laka ta saki jiki iska ta shiga.

Ka kula da kalmar nan, ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, in ka zuba shi kai tsaye zai ƙone tsiro. Ɗanyen kashin shanu da na awaki kuma yana zuwa da 'ya'yan ciyawa, yana jawo gara, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ba ka so a jikin ganyen da za a ci. Takin da ya nuna za ka gan shi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba zafi, ba wari sai ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko.

In ba ka samu wanda ya riga ya ruɓe ba, yi naka. Haƙa rami mai zurfin gwiwa a inuwa. Ka shimfiɗa busassun ganye ko tattaka, ka bi da kashin dabbobi, ka bi da ɓawon kayan miya da ragowar ganye daga kicin, ka barbaɗa 'yar toka da 'yar ƙasa, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa hawa-hawa har ramin ya cika, sannan ka rufe da tsohon buhu. Bayan 'yan kwanaki in ka cusa hannu za ka ji ɗumi, alamar aiki ya kankama. Duk mako 2 ka juya shi, in ya bushe ka ƙara ruwa kaɗan, ya kasance da laima amma ba caɓa-caɓa ba. Cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna. Nama, mai da ƙashi ba sa shiga ramin, ɓeraye suke kira. Masu ɗebo ƙasar bola kuma, su tsaya su tsince leda, kwalba da tsofaffin batura tsaf. Ni in zan samu kashin awaki, ba na taɓa ƙasar bolar birni sam.

Takin zamani, kamfa da yuriya, yana da wurinsa, amma ba na son mai fara lambu ya dogara da shi. Hannun sabon shiga yana da nauyi, kuma yuriya kaɗan in ta taɓa jikin tsiro ta ƙone shi. In za ka sa, sai shuka ta kafu, ka tona ɗan rami nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, ka zuba abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, ka rufe, ka ba da ruwa nan take.

Tayar da fangali

Sassaɓe wurin, ka kafce ƙasa zurfin taƙi guda ko fiye, kamar santimita 20 zuwa 25. Farfasa hoge, tsince duwatsu da saiwoyin ciyawa, musamman jijiyar ƙiri-ƙiri da ta aya-aya, waɗanda in ka bar guntu ɗaya sai sun dawo. Zuba ruɓaɓɓen taki bokiti 1 zuwa 2 a kan fangalin nan mai mita 1 da mita 2, ka cakuɗa shi da ƙasar sama, ka baje ya yi daidai. Faɗin kada ya wuce mita 1, don hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka ciki ba. Ƙasar da ake takawa tana danƙarewa.

Siffar fangalin kuma lokaci ne ke yanke ta. Da rani, ana yin sa a kwance da ɗan gefe kewaye, kamar faranti, don ruwan da ka zuba ya tsaya ya nutse. Haka za ka gani a fadamu, tun zamanin da ake jan ruwa da jigo har zuwa yau da injin ban ruwa ya karɓe aikin. Da damina kuwa akasin haka ake yi, a ɗaga shi sama kamar taƙi guda, ko a yi kunya, don ruwan sama ya gangare kada saiwa ta ruɓe. Da ka gama, jiƙa shi sosai ka bar shi kwana 3 zuwa mako guda. Ciyawar da ta ɓuya za ta leƙo, ka kawar da ita tun kafin ta samu abokin gasa.

Wanda gidansu siminti ne ko'ina, ko gidan haya, buhu ya ishe shi. Samu buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, ka huda gindinsa da gefen ƙasa wurare da dama, ka haɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1, in ƙasar laka ce ka ƙara yashi kashi 1. Buhu ɗaya yana ɗaukar tumatir 1, ko tattasai 1, ko kuɓewa 2, ko alayyahu cike da bakinsa. Tsohon bokiti da fasasshen baho ma suna yi, muddin ruwa yana da hanyar fita. Abu ɗaya kawai: ƙasar buhu ta fi saurin bushewa, sai ka fi sa mata ido.

Iri, da sanin lokacinsa

Kowane kayan lambu da yanayin da yake so. Latas, kabeji, karas, albasa da tumatir 'yan sanyi ne. A ƙasar Kano da Katsina da Zariya, ana zuba renon tumatir da albasa wajen Satumba zuwa Oktoba, a dasa a Oktoba zuwa Disamba, a ci amfanin hunturu. Albasar Galmi da ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku, da ta Aliero, duk a cikin sanyin nan suke yin kai. In ka kai tumatir cikin zafin Afrilu, zai yi fure ya zubar ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba, latas kuma ya miƙe ya yi tsawo ya yi ɗaci. Kuɓewa, yakuwa, rama, lalo da alayyahu kuwa zafi suke so, suna murna da bazara da damina, amma a tsakiyar hunturu kuɓewa takan tsugune ta ƙi girma. Yara da yawa suna zargin hannunsu, alhali lokaci suka saɓa.

Sayi iri a wurin wanda aka sani, ko ka roƙi tsohon mai lambun unguwarku, su ba sa rowar iri ga yaron da suka ga da gaske yake. In na cikin fakiti ne, duba ranar lalacewarsa. Kuma ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ƙirga ƙwaya 10, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa masa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe. In 8 ko 9 sun tsaga, irin yana da rai. In 3 ko 4 ne, nemi wani, kada ka ɓata fangalinka.

Shuka ta farko

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, in ka yafa shi haka nan zai taru wuri ɗaya. Ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali, ka gauraya da busasshen yashi cikin tafin hannu biyu. Ja layuka da yatsa a kan fangali, tsakaninsu taƙi guda, zurfinsu bai kai gaɓar yatsa ba. Barbaɗa haɗin a layukan, ka rufe da ƙasa 'yar kaɗan, ka ɗan danna da tafin hannu. Ƙa'idar da za ta yi maka aiki a kowane iri ita ce, zurfin rami kamar ninki 2 ko 3 na girman ƙwayar. Irin da aka binne da zurfi yakan ƙare ƙarfinsa kafin ya ga rana.

Shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, wadda ba ta da 'ya'ya, ka yayyafa ruwa ta gwangwaninka mai huji. Kada ka kwara da bokiti, zai kwashe irin ya tara a lungu. Safe da yamma za ka riƙa yayyafawa. Daga kwana na 3 ka fara ɗaga ciyawar kana leƙawa, da ka ga tsiro ya fito ka janye ta, in ba haka ba zai yi dogon wuya fari sol ya faɗi.

Bayan kamar kwana 10 sai aikin da ya fi yi wa sabon mai lambu ciwo, wato ragewa. Za ka ga tsiro cunkus, kowanne kana ƙaunarsa, amma dole ka cire wasu, ka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin waɗanda suka rage. Ashirin masu ƙiba sun fi ɗari masu rama. Waɗanda ka cire in sun ɗan tasa, a wanke a sa a miya.

Kuɓewa ma kai tsaye ake shuka ta. Jiƙa irin ya kwana a ruwa, ka sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, tsakanin ramuka kamu guda, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa. In sun fito ka bar mafi ƙarfi. Karas shi ma ba ya son dashe, in aka taɓa saiwarsa sai ya fito a karkace ko da rassa, kuma yakan yi mako 1 zuwa 2 kafin ya tsiro, sai ka yi haƙuri da shi.

Ban ruwa

Da sassafe ko bayan la'asar ake ba da ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin ka zuba, cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji laima, jira. In a bushe take, ba da ruwa, kuma ka ba da isasshe ya nutse. Yayyafin sama-sama kullum yana koya wa saiwa zama a sama, rana ɗaya ka makara shuka ta kwanta. Yawan ruwa ma kisa yake yi, kuma alamarsa tana ruɗarwa, domin ganye yakan yi ruwan ɗorawa ya yi laushi kamar mai jin ƙishi, kai kuma ka ƙara masa. Yatsa ne zai raba maka gardama.

In shuka ta kai tsawon taƙi, rufe ƙasar gindinta da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi. Zai rage maka ɗibar ruwa sosai, ya kuma danne ciyawa. In ka ga gara ta fara bin sa, janye shi daga jikin shukar.

Reno da dashe

In ka ci alayyahunka sau ɗaya ko biyu, hannunka ya faɗa, to yanzu ga tumatir ɗinka. Shi da tattasai, attarugu, yalo, latas, kabeji da albasa, renonsu ake fara yi a wuri ɗaya kafin a raba su.

Wurin reno ɗan ƙarami ne, ko tsohon baho ya isa. Ƙasarsa ta zama mai laushi, an tankaɗe ta, an haɗa da ruɓaɓɓen taki. Shuka a layi, ka yi masa 'yar rumfa da kara da ciyawa don rana da ruwan sama mai ƙarfi. Babban abokin gabar reno shi ne ruɓewar gindi: ka kwanta tsiro lafiya, ka tashi ka ga sun zube, gindinsu ya sirance kamar zare. Cunkoso da yawan ruwa ne ke kawo shi. Shuka da tazara, kuma kada ka yi ban ruwa da dare.

Tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, lokacin da ya yi ganye 4 ko 5 na gaske, ban da biyun farko da ya tsiro da su. Latas wajen mako 3, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8, in ta kusa kaurin fensir. Saura mako guda a yi dashe, ka riƙa janye rumfar kana rage ruwa kaɗan-kaɗan, don su saba da wahalar da za su tarar a fili.

Ranar dashe, jiƙa wurin renon sosai tun da rana, ka jira sai yamma ta yi. Ɗago kowane tsiro da ƙasar gindinsa, da cokali ko tsinken kara, ka riƙe shi ta ganye, domin in ka matse karan ka kashe shi. Tumatir a ba shi tazarar santimita 50 zuwa 60, tattasai kamu guda, latas taƙi da ɗan ƙari, albasa yatsu biyar zuwa shida. Tumatir yana son a ɗan nutsa shi har kusa da ganyen farko, zai fitar da sababbin saiwoyi a jikin karan. Latas da albasa kuwa daidai inda suke a da za ka tsayar. Danna ƙasa a hankali, ka ba da ruwa nan da nan. Gobe da rana za ka gan su sun langaɓe, kada hankalinka ya tashi, cikin kwana 3 ko 4 za su miƙe.

A irin tumatir, Roma da UC82B sun daɗe a hannun manomanmu, kuma suna da sauƙin samu. Kafa wa kowanne sanda tun yana ƙarami, ka ɗaure shi sako-sako da tsumma don 'ya'yan kada su kwanta a ƙasa. In ka ga ƙasan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, yawanci ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau ambaliya gobe ƙishi. Daidaita shi, 'ya'yan gaba za su fito lafiya.

Ƙwari da cuta

Maganin ƙwari na farko idonka ne. Kowace safiya ka tsuguna ka juya ganye ka duba bayansa, nan ɗarɓa da farin ƙuda da ƙwan tsutsa suke ɓuya. A fangali ɗaya, hannu ya isa: tsince tsutsa ka jefa wa kaji, murje ɗarɓa da yatsa, cire ganyen da ya kamu ka kai shi nesa. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya ƙanƙance ta daina girma, tumɓuke ta gaba ɗaya, ba ta warkewa, kuma farin ƙuda zai kwashi cutar ya kai wa sauran.

A tumatir ka lura da farin zane ko tabo mai haske a cikin ganye, kamar an ci tsakiyarsa an bar fatar. Aikin tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Da ka ga ganye ɗaya haka, cire shi ka ƙona ko ka binne.

In abin ya fi ƙarfin hannu, darbejiya tana nan, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, a Nijar kuma bedi. Tara busassun 'ya'yanta, ka ɓare, ka daka kamar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Tace da tsumma, ka narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye, ka fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk mako. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwarin ci da hayayyafa yake yi, don haka ka ba shi kwanaki. Barbaɗa toka da safe kuma tana rage ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa.

Maganin feshi na kanti, kada ka taɓa shi sai da babba wanda ya san aikin, ko malamin gona. Kowanne yana da kwanakin da dole a jira kafin a ci abin da aka fesa wa, kuma alayyahun da ake yanka akai-akai ba ya ba da wannan damar. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyaso kuwa ba na abinci ba ne, ko kusa kada su zo. Wannan maganar ina yin ta da ƙarfi, domin ƙannenka ne za su ci ganyen.

Girbi da abin da ke biye

Alayyahu iri biyu ake cire shi. Ko ka tumɓuke duka a mako na 3 ko na 4, ko ka yanka sama ka bar kamar yatsu huɗu zuwa taƙi daga ƙasa, ya sake tofo, ka riƙa yanka duk kwana 10 zuwa 14 har sau uku ko huɗu. Na fi son na biyun ga lambun gida. Bayan kowane yanka ka ɗan barbaɗa ruɓaɓɓen taki. Da sassafe ake yankan ganye, kafin rana ta sa ya yi yaushi.

Kuɓewa tana fara bayarwa wajen wata 2 da shuka, kuma duk kwana 2 ko 3 ake tsinka. In ka bar 'ya'ya suka tsufa a jiki, uwar takan rage haihuwa. Gwada da yatsa: in bakin ya karye ƙas, ɗanya ce mai kyau. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya, ga busasshiyar kuɓewa ta miyar rani. Albasa kuma in wuyanta ya yi laushi ganye ya kwanta, ka daina ba ta ruwa kamar mako guda kafin ka cire, sannan ta sha iska a inuwa, in ba haka ba ba za ta ajiyu ba.

Ware shuka ɗaya ko biyu mafi kyau ka bar su su yi iri. Mafi kyau nake cewa, ba ragowar da ba a so ba. In kan alayyahu ya bushe, ka murje a faranti ka sheƙe. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jiki har ta fara tsagewa. Zuba irin a kwalba mai murfi da 'yar toka, ka rubuta suna da wata, ka ajiye inda ba zafi ba laima. Amma in fakitin da ka saya an rubuta F1, iri mai aure ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba, sai dai ka sake saye.

Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar shuka, ranar tsiro, ranar dashe, abin da ya kama shukar da abin da ka yi mata, da yawan ɗaurin da ka cire. Baɗi war haka, littafin nan zai gaya maka abin da ya dace da ƙasar gidanku fiye da yadda ni zan iya.

In fangali ya tashi, kada ka mayar masa da abin da ya fita ko danginsa. Tumatir, tattasai, attarugu da yalo gida ɗaya suke, cutarsu ɗaya. Kuɓewa, yakuwa da rama su ma 'yan uwan juna ne. Lokacin da kake tumɓuke tsohon tumatir ko kuɓewa, duba saiwar. In ka ga ƙulli-ƙulli kamar carbi a jikinta, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka zauna a ƙasar. Ƙona saiwoyin, ka kafce fangalin ka bar shi a buɗe rana ta gasa shi mako 2 ko 3, ka zuba sabon taki, sannan ka sa albasa, masara ko gyaɗa a wurin. Tumatir ɗin kuma ka tayar masa da fangali na biyu a gefe.